Ilu Mai Numfashi Ɗaya

"Duk ƙasar Gumel, daga nan Gagarawa har bakin iyakar Faransa, babu mai rai da ya san silima kamar ni."

Da wannan magana Ilu yake karya kumallo kowace safiya a rumfar mai shayi ta Gagarawa Tasha, a shekarar nan da naira ta kori fam da sule. Dogo ne siriri, da hula zanna wadda ta ga duniya, da baƙin tabarau mai tsagaggen ido ɗaya. Ya taɓa zuwa Kano, wannan kam babu musu, don mun ga jirgin ƙasan da ya tafi da shi, mun kuma ga wanda ya dawo mana da shi. Abin da ya yi a tsakanin jiragen nan biyu ne yake ƙara tsawo kullum kamar yaɗon kabewa.

"Shekara da shekaru na yi a silimar Fagge," in ji shi. "Kujerata tana tsakiya, daidai ƙarƙashin babbar fanka. Rufin kwano ne mai koren fenti, ya fi rimi tsawo. In ana ruwa sai ka ji kamar ana kaɗa kalangu a samanka, sai in ɗaga hannu a ƙara murya. Kuma ba kallo kaɗai nake yi ba. Duk labarin da za a haska sai an fara kawo shi gabana. Ka kawo mini labarin da za a wuni ana faɗi, in matse shi ya koma numfashi ɗaya, wanda duk ya ji sai ya saki abin da yake yi ya bi layi."

Mu da iyakar saninmu majigin da ake kawo mana jefi-jefi, a ɗaura ƙyalle a nuna mana yadda ake feshin gyaɗa, ina muka ga bakin musu? Sai mu ce, "Allah mai iko," mu ci gaba da hura shayinmu.

Ana nan cikin bazara, zafi ya kai inda ya kai, kowa yana sharar gona yana duban gabas, sai mai shela ya zaga gari. Wai masu majigi za su zo kasuwar Maigatari ranar Alhamis, amma wannan karon ba haskawa za su yi ba. Labari suke nema na wannan ƙasa tamu, su je su mayar da shi majigi. Mai labari ya zo ya faɗe shi a numfashi ɗaya, don shugaban nasu yana da kasuwanni da yawa a gabansa. Sannan suna neman mutum mai baki, wanda zai riƙa zama a gaban mota yana bin ƙauyuka yana tallata majigin a lasifika.

Ilu ya ajiye kofi a hankali. "Sun ji labarina," ya ce.

Nan take ya aika aka kira ƙanensa Ɗantala, mutum mai shiru-shiru wanda bai taɓa wuce Gumel ba.

"Ɗantala, gonar nan tawa ta bakin layin dogo, na bar maka ita bana. Ka shuka, ka girbe, ka ci. Ga fartanya a bayan ɗaki, ga iri a tukunya. Ni da sunkuyo har abada."

"Yaya, a gaban mutane kake faɗi?"

"A gaban mutane. In kun gan ni nan gaba, ta tagar mota za ku gan ni."

Ɗantala ya juya ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Kun dai ji ko?" Muka ce mun ji. Kafin azahar har ya kai taki gonar.

Dabarar Ilu ita ce ba zai kai labarin kansa ba. Na mutane zai gyara, yadda in aka je gaban mai majigi za a ga duk labarin kirki ta hannunsa ya biyo. Ya hau kamiyo, babbar motar kaya, zuwa Gumel, daga can ya faɗa Sule Tankarkar ranar kasuwa, ya shimfiɗa tabarma a gindin tsamiya, ya gyara tabarau.

"Mai gyaran labari ya iso! Kawo dogo ka karɓi gajere!"

Wanda ya fara tsugunawa gabansa wani manomi ne, Ɗanjuma, Bamange, gajere mai faffaɗan ƙirji.

"Ja numfashi," Ilu ya ce masa, "ka faɗi labarin duka kafin ya ƙare."

Ɗanjuma ya ja iska har cikinsa ya taso. "Salamu alaikum Malam, ina wuni, ina gajiya, ya iyali, ya zafi, ya muka ji da jiran ruwa, ya mutanen Gagarawa, ya hanya..." Sai numfashi ya ƙare, ya hau tari.

"Ina labarin?"

"Ai ban gama gaisuwa ba."

"Gyara na farko ke nan. A silima ba a gaisuwa."

"Ko da manya a wurin?"

"Manya sun fi kowa sauri. Faɗa mini yadda ka iya, ni zan matse."

Ɗanjuma ya faɗa. A farin bara, wata saniya mai karyayyen ƙaho ta ratso masa danga, ta cinye zanar gida, ta zura kai cikin rumbu. Ya ɗauko sanda, da ya ga haƙarƙarinta a waje sai hannunsa ya mutu. Ya ɗaure ta yana ba ta dusa da harawa har mai ita, wani Bafulatani, ya zo cigiya, ya miƙa masa abarsa. "Bana ma ta haihu," ya ce.

Ilu ya girgiza kai. "Wannan ba labari ba ne, sadaka ce. Saurara. Abu huɗu labari yake so. Wane ne mutumin? Me yake nema? Wa ya tare masa hanya? Me zai rasa in bai samu ba?"

Maganar kam ba ta da laifi, ko a ina ya tsinto ta. Ciwon Ilu shi ne in ya nemi abu huɗun nan bai same su ba, ƙera su yake yi, kuma da mutane masu rai yake ƙerawa.

"Mutumin kai ne. Rumbunka kake tsaro. In ya tafi, iyalinka sun kwana da yunwa. Saura mugu. Wa ya turo saniyar?"

"Babu wanda ya turo ta. Yunwa ce."

"Yunwa ba ta da fuska, ba za ta hasku ba. A silima saniya ba ta zuwa da ƙafarta, turo ta ake yi. Mene ne sunan mai ita?"

"Sajo," Ɗanjuma ya ce yana dariya. "Bawana ne. Mahaukacin daji, kullum sai na gaya masa."

"Madalla! Ka fara ganewa. Mahaukacin daji. Tafi abinka, mu haɗu a Maigatari."

To, Mangawa dangin Barebari ne, kuma kowa ya san wasan da ke tsakaninsu da Fulani tun kaka da kakanni. Sai su zagi juna a tsakiyar kasuwa, su koma su ci tuwo a akushi ɗaya. Ilu ma ya san da haka, sai dai ranar hankalinsa yana kan kujerar mota.

Bai gama fifita da hula ba sai ga wani dogon Bafulatani, sanda a wuya, malafa a ka. Ya ce shi ma yana da labari. A farin bara saniyarsa mai karyayyen ƙaho ta ɓace, ya yi yawon cigiya har takalminsa ya tsinke, daga baya ya same ta gidan wani Bamange ta yi ɓul-ɓul.

Ilu ya sauke tabarau ya dube shi. "Kai ne Sajo?"

"Ni ne. Ya aka yi ka sani?"

"Aikinmu ne." Cikin ransa kuwa murna yake yi, saniya ɗaya ta haifa masa labari biyu. "Ji nan Sajo, ɓata ba labari ba ne. Kowa yana ɓatar da abu, ni ma jiya na ɓatar da asawaki. Sata ita ce labari. Wa ya sace ta?"

"Ba a sace ta ba. Tafiya ta yi."

"A gidan wa ka same ta?"

"Gidan Ɗanjuma." Sajo ya yi murmushi. "Ɓarawo ɗan ɓarawo. Kakansa ma bai san ɗanɗanon nono ba sai da ya leƙa ƙwaryar kakata."

"Shi ke nan, ka gama aikinka. Saura nawa."

Da la'asar ta yi sai wata dattijuwa mai fura, Goggo Kande, 'yar uwar Sajo daga rugarsu, ta sauke ƙwaryarta nesa kaɗan, ta zauna tana duban ƙasa.

"Ni ma ina da 'yar magana," ta ce. "A kan wancan ne. Wanda ya tafi Kano."

"Wancan wa? Goggo, labari sai da sunan mutumin."

"Ka tambayi ubansa."

"To mene ne sunan uban?"

Goggo ta kai bakin zane ta rufe baki. Matan da ke gefe suka ƙyalƙyale da dariya. Ɗaya ta ce, "Kai Malam, ɗan farinta ne fa. Ka taɓa jin Bafulatana ta ambaci sunan ɗan fari, balle na miji?"

"To ni ina zan kai mutumin da babu suna? Me yake nema?"

"Ba ya neman komai," in ji Goggo. "Ni ce nake nema. Yana aiko da sabulu da turmin atamfa, amma ya daɗe bai kwana a ruga ba. Ni kuwa ba zan iya gaya masa ba. Na ce ko a faɗa a inda zai ji."

"Me yake yi a Kanon?"

"Wai aikin fitila. Yana haska bango, mutane suna zaune suna kallo."

Ilu ya tuntsire da dariya. "Mai haska bango! Goggo, na san irinsu, zaman banza ne da fitila a hannu. To bari ki ji gyara. Sabulu ba ya cikin labari, atamfa ma haka. Yaron da yake aike ba ya sa kowa kuka. Dole ya lalace. Kuma dawowa ba ta da daɗi, kowa yana dawowa. Mutuwa zai yi."

"Subhanallahi!" Goggo ta dafe ƙirji. "Lafiyarsa ƙalau!"

"A ruga lafiyarsa ƙalau. A silima ya mutu. Ki bar wa masu abu abinsu."

Goggo ta dube shi sama da ƙasa, ta ɗauki ƙwaryarta. Ko ludayi ɗaya ba ta ɗiba masa ba.

Ranar Alhamis Maigatari ta cika ta batse. Raƙuma daga Damagaram, shanu daga ko'ina, dillalai suna ta sa hannu cikin hannun riga, har da wasu jandarmomi biyu da suka ƙetaro sayen goro daga Nijar, wadda muke kira ƙasar Faransa. Motar majigi fara ce, da lasifika biyu a kanta kamar kunnuwan jaki. An shimfiɗa wa Sarkin Kasuwa da dattawa tabarmi a gabanta. Shugaban masu majigin, Malam Hamma, matashi ne fari siriri, mai magana a hankali, sanye da kaki mai guga.

Mutane suka yi ta fitowa da labaransu, gaisuwa tana cinye numfashinsu ɗaya bayan ɗaya. Wani tsoho ma bai wuce gaida Sarkin Kasuwa ba aka ce ya koma ya huta. Goggo Kande kuwa ta zo ta sauke ƙwaryarta kusa da motar, ta juya mata baya sarai, kamar babu mota a duniya. Malam Hamma ma da idonsa ya kai wajen sai ya kawar da kai, ya hau duban taya.

Ilu ya lura. Ya matso ya raɗa masa, "Yallaɓai, ka yi haƙuri da ita. Mutanen daji ne, ba su san manya ba."

Malam Hamma ya dube shi. "Kai fa?"

"Ilu, na silimar Fagge. Ka ga waɗannan duka ɓata maka lokaci suke yi. Ina da labari uku da na gyara da hannuna. Masu su ba su da ƙirjin faɗi, ni zan faɗa. In ka ji, ka san wanda zai zauna a gaban motar nan."

Malam Hamma ya miƙa masa abin magana. Ilu ya hura wa abin iska har raƙuma suka zabura. Bai yi sallama ba, bai dubi tabarmar dattawa ba. Sarkin Kasuwa ya ɗaga gira ya dubi na kusa da shi. Ilu ya ja iska, ya saki:

"Wani bawan Allah Sajo ya rasa saniyarsa tilo a tsakiyar fari, dole ya ƙwato ta daga hannun ƙasurgumin ɓarawon shanun nan na Sule Tankarkar, Ɗanjuma Bamange, kafin ya yanka ta ya sayar wa mahauta!"

In kana neman inda ba a faɗin "ɓarawon shanu" da wasa, to kasuwar shanu ce. Dillalai suka saki hannun juna. Wani Badamagare ya janye igiyar bijiminsa kusa da jiki. Jandarmomin nan suka daina tauna goro. Duk ido ya koma kan Ɗanjuma, wanda yake tsaye da buhun gero a gabansa, baki buɗe.

"Ni?" ya ce. "Ni ne ɓarawon shanu?"

"Kwantar da hankalinka, naka yana zuwa," Ilu ya ce a lasifika, ya sake jan iska. "Wani talakan manomi Ɗanjuma dole ya kare rumbunsa na ƙarshe daga mugun mahaukacin dajin nan Sajo, wanda yake horar da shanu su shiga gidajen mutane su cinye abincin marayu!"

"Waɗanne marayu?" wata murya ta tambaya daga baya.

"Na ƙara su ne don armashi."

Sajo ya sauke sandarsa daga wuya. Ɗanjuma ya cire takalmi ɗaya. Ilu ya ja da baya yana jiran ya ga sun yi kan juna, don a ganinsa hakan zai nuna wa mai majigi labarin yana da ƙarfi. Sai ya ga sun jeru kafaɗa da kafaɗa, kuma shi suke dosa.

"Kai Kaɗo," Sajo ya ce, "wa ka kira ɓarawo?"

"Ai kai ka ce! Da bakinka ka ce ɓarawo ɗan ɓarawo!"

"Ni na ce. Ni nake da ikon cewa. Kakana ya ce wa kakansa, ubana ya ce wa ubansa. Kai a ina ka gaje shi? Mutumin da ya raba dusar awakinsa da saniyata, kai za ka tsaya a bakin ƙarfe ka ce masa ɓarawo?"

"Shi kuma wannan mahaukacin," Ɗanjuma ya ce yana nuna Sajo da takalmi, "bawana ne ni kaɗai. Duk wanda zai zage shi sai ya nemi izinina, ni kuma ba na bayarwa!"

"Ka ji ɓarawon nan ya yi gaskiya yau," in ji Sajo.

"Rufe mini baki, ɗan daji, bari mu gama da wannan tukuna."

Ilu ya zaga mota, suka zaga. Ya sake zagawa, igiyar abin magana ta harɗe ƙafar wani mai tallan ƙwai, tire ya tashi sama, ƙwai suka sauko a kan tabarmar dattawa, ɗaya ya fashe a gefen rawanin Sarkin Kasuwa. Takalmin Ɗanjuma ya wuce kan Ilu ya sami raƙumi a hanci, raƙumi ya miƙe da kayansa ya kwashe rumfar mai tsire. Kafin a ce haka Ilu ya dafa taya ya haye kan motar, ya tsuguna tsakanin lasifika biyu, hula a karkace, abin magana yana hannunsa har yanzu.

"Yallaɓai!" ya kira daga sama. "Ka ga yadda labari mai kyau yake motsa jama'a? Saura na uku, shi ne sarkinsu!"

"Sauko mini daga kan mota," Malam Hamma ya ce.

Ina! Ilu ya riga ya ja iska.

"Wani lalataccen yaro marar suna ya gudu ya bar tsohuwarsa tana tallan fura a rana, ya shiga Kano ya zama ɗan caca mai yawo da fitila yana haska bangon mutane, ranar da ya tuba zai dawo gida mota ta take shi a hanyar Gumel!"

Sajo ya jingina da sandarsa, wani irin murmushi ya fara bayyana a fuskarsa. Ya taɓa Ɗanjuma da gwiwar hannu. "Mayar da takalminka," ya ce. "Wannan ba namu ba ne kuma."

Malam Hamma ya ɗaga kai. "Wace ce tsohuwar?"

"Ga ta nan, Goggo Kande mai fura, wadda ta juya maka baya."

"Ta juya mini baya ne don ni ne ɗan farinta." Ya dubi direbansa, ya sake duban Ilu. "Yaushe ne motar ta take ni? Ina so in sani, ko na yi wa direbana faɗa."

Dariyar da ta tashi, na tabbata 'yan duwan, wato kwastan na can ƙetare, sun ji ta. Ilu ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa.

"Yallaɓai... ranka ya daɗe... ai gyara ne. Haka muke yi a silima. Kai ma ka sani, mu 'yan sana'a ɗaya ne."

"Haka ne. Ka ce silimar Fagge ko? A can na koyi haska bangon. A ina kake zama?"

Ilu ya ji an zo inda ya fi ƙarfi, ya gyara zama. "Tsakiya, ƙarƙashin babbar fanka."

"Da damina fa? In ruwa ya sauko ana cikin kallo?"

"Ai rufin kwano ne, mai koren fenti! Sai ka ji kamar kalangu. Ni nake ɗaga hannu a ƙara murya."

Malam Hamma ya juya wajen direbansa. "Ka ji? Ashe an yi mata rufi ba mu sani ba." Direba ya riƙe ciki ya zauna a ƙasa. Malam Hamma ya ɗaga yatsa ya nuna sama. "Malam Ilu, ga rufin silimar Fagge nan. Katanga ce huɗu da farin bango, sama kuwa ta Allah. In ruwa ya zo, da mai kujera da mai benci kowa gudu yake yi." Ya ƙura masa ido. "Cire tabarau ɗin nan in gani. Haba, na ce na san fuskar nan! Ba kai ne ka yi rani guda kana tsaron kekuna a bakin ƙofa ba? Mai tare mutane in an tashi, 'Yallaɓai, me ya faru a ciki? Gaya mini a gurguje kafin in kwance maka keke.' Ruwan farko bai sauka ba ka tattara ka koma gida."

Mutane suka ɗaga kai suna duban rufin da aka nuna musu, sai suka ga abin da ya fi rufi. Gabas ta yi baƙi ƙirin, hadari ya taso, iska mai ƙanshin ƙasa ta fara kaɗa rumfuna. Kasuwa ta hau ɗaure kaya, kowa yana maganar shuka.

Ɗantala, wanda ya zo kallon yadda za a naɗa yayansa, ya matso gindin mota. "Yaya, ni zan wuce. Gobe da sassafe zan shuka gonata."

"Gonarka?"

"Ta bakin layin dogo. In kana son ƙwadago, ina neman mai bin bayana yana rufe rami."

Sai a sannan Goggo Kande ta yi motsi. Ba ta juyo ba, ba ta dubi ɗanta ba. Da Sajo ta yi magana, tana goge ludayi.

"Sajo, ka gaya wa mai motar nan, in hanyarsa ta bi ta ruga, akwai shimfiɗa. Ka kuma gaya masa ina da wani labarin, in yana so."

"Kawu," Malam Hamma ya ce wa Sajo, idonsa a ƙasa, "ka ce mata yau a ruga motar za ta kwana. Ka ce kuma ana saurare."

Goggo ta ja numfashi, ɗan kaɗan, irin na hura wuta.

"Wani mutum ya ba da gonarsa don yana son kujerar gaban mota, bakinsa ya tare masa hanya, ya ƙare a kan rufin motar, ga ruwa ya zo, ba gona ba kujera."

"Akwai mutum, akwai abin nema, akwai abin da ya tare hanya, akwai hasara," Malam Hamma ya ce yana lanƙwasa yatsu. "Kuma ba a kashe kowa ba. Kawu, ka ce mata wannan za mu ɗauka."

Da Ilu ya yi shiru, da wataƙila ya sauko da sauran mutuncinsa a aljihu. Amma ɗigon farko yana faɗo masa a hanci, hali ya motsa. Ya sunkuyo daga kan mota, ya manta abin magana yana bakinsa.

"Da sauran gyara, Goggo. Ba ki faɗi sunan mutumin ba."

A nan ne Goggo ta juyo. Ta miƙe, ta kama igiyar ta fizgo abin maganar daga hannunsa, ta riƙe shi kamar ludayi.

"Kai ba mijina ba, kai ba ɗan farina ba," ta ce, muryarta tana fita ta lasifika biyu har cikin ƙasar Faransa. "Ilu. Ilu na Gagarawa Tasha, mai tsaron kekuna. Ko in ƙara?"